Tsohuwar Kwamfuta, Sabon Windo da Zafin Kano: Tambayoyi da Amsoshi

Gyaran kwamfuta nake yi a wani ɗan shago da ke kusa da Titin Beirut. Tun da aka fara maganar ƙarewar wa'adin Windows 10, tambayoyin da ake yi mini a bakin teburi suka ƙaru, kuma sau da yawa hirar da ta fara daga kwamfuta takan ƙare a kan zafin rana, tsadar fetur da tarukan da shugabanni ke zuwa a ƙasashen waje. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa su iya sanina.

Malam, wai mene ne wannan windo da kullum kuke cewa a sake wa kwamfuta?

Uwar manhaja ce, wadda sauran manhajoji ke zaune a kanta. Ka ɗauke ta kamar shugaban tasha: shi ke faɗin motar da ke kan layi, wadda za ta yi lodi, da wadda za ta jira. Haka take raba wa kowace manhaja lokacinta da wurinta a cikin na'ura, ita ke magana da madannai da allo da firinta. A Kano mun saba kiran kowace iri windo, amma Windows na kamfanin Microsoft guda ne kawai a cikinsu. Akwai macOS na kwamfutocin Apple, akwai Linux, kuma Android ɗin da ke wayarka ma uwar manhaja ce, a kan ginshiƙin Linux aka gina ta.

An ce Windows 10 ya mutu. Tawa za ta daina kunnuwa ke nan?

A'a, Alhaji, za ta ci gaba da kunnuwa. Abin da ya faru shi ne daga ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10. Misalinsa gidan ƙasa ne da aka daina yi wa yaɓe. Damina ɗaya ba za ta rushe shi ba, amma kowace shekara tsagar na ƙara buɗewa, kuma ɓarayin intanet tsaga suke nema. An buɗe wani shiri na ƙarin wa'adi ga masu kwamfutar gida zuwa 13 ga Oktoba 2026, sai dai jinkiri ne kawai.

Har yau akwai shagunan buga takardu da ke aiki da Windows 7, wanda wa'adinsa ya ƙare tun Janairun 2020, kuma suna cin abincinsu. Idan na'urar ba ta hawa intanet, buga takarda kawai take yi, haɗarin da sauƙi, sai dai a kula da filas ɗin da kwastomomi ke kawowa. Wanda nake jiye wa tsoro shi ne mai shiga asusun banki, mai ajiye bayanan ɗalibai, da mai rijistar jarrabawa wa jama'a. Irin waɗannan kada su yi wasa.

To me ya hana in sa Windows 11 in huta?

Sharuɗɗansa. Windows 11 ya fito a Oktoban 2021, kuma yana neman RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, aƙalla giga 4, ma'ajiya giga 64, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Babban shingen kuma shi ne ƙwaƙwalwar na'urar: a ɓangaren Intel, galibi sai zubi na 8 zuwa sama. Duba lambar taka. Idan ka ga i5-6300U, wannan 6 ɗin na farko na nufin zubi na 6 ne, ba ta shiga ba. Idan i5-8250U ce, ta shiga.

Yanzu ka zagaya shagunan Beirut da Farm Centre ka duba kwamfutocin gwanjon da talaka ke iya saye. Da yawansu zubi na 4 ne zuwa na 7. HP EliteBook 840 G3, wadda ɗalibai ke so saboda ƙarkonta, zubi na 6 ce. Lafiyarta ƙalau, tana buɗe Word da Excel, tana kallon darasi a YouTube, amma a takarda an ce zamaninta ya wuce.

Akwai dabarar tsallake sharuɗɗan, yaran kasuwa duk sun iya ta. Tana aiki, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan na'ura gyara ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne a sayar wa mutum kwamfuta zubi na 6 a ce masa ai ga Windows 11 a kai, ba tare da an gaya masa ta bayan gida aka shigar ba. Wannan ha'inci ne a ciniki.

Duk wannan mun ji. Ina ruwan kwamfuta da sauyin yanayi?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, don amsarta ce ta canja yadda nake kallon sana'ata.

Mutane na zaton illar kwamfuta ga muhalli tana cikin wutar da take sha. A laftof, mafi yawan hayaƙin da ke ɗumama duniya an riga an fitar da shi tun kafin ta iso hannunka: wajen haƙo ma'adinai, narka ƙarfe, ƙera allo da ƙananan sassan ciki a masana'antun Asiya masu cin wuta ba dare ba rana, sannan jigila. Kobalt ɗin da ke cikin batura, mafi yawansa daga Kwango ake haƙo shi. Saboda haka duk shekarar da ka ƙara wa tsohuwar kwamfuta, ka jinkirta ƙera wata sabuwa. Idan kuwa sharaɗin manhaja ya sa aka ajiye miliyoyin na'urori masu lafiya a lokaci guda, an jawo ƙera miliyoyin sababbi, kuma tsofaffin dole su sami inda za su.

Ina suke zuwa? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22 cikin 100 kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. Wani kaso na sauran yana shigowa ta tashar jiragen ruwan Legas da sunan kayan gwanjo, ya bi ta Alaba da Computer Village na Ikeja, ya hau mota ya iso mana. Ba zan zagi gwanjo ba, da shi muke ci, kuma da shi ɗan mai ƙaramin ƙarfi ya fara taɓa kwamfuta. Amma duk wanda ya taɓa buɗe kwali ya san ana cuɗa masu rai da matattu.

Matattun kuma na san ƙarshensu. Wata rana da yamma na bi wani yaro ɗan jari bola da ke sayen ɓaraguzan shagonmu, ina neman wata caja da aka haɗa masa bisa kuskure. Na same su su uku a wani fili, sun tara wayoyin wuta a cikin tsohuwar taya sun cinna mata wuta don robar ta narke jan ƙarfen ya fito. Hayaƙin baƙi ƙirin, mai kama maƙogwaro. Ƙaramin cikinsu bai wuce shekara goma sha biyu ba, yana juya wutar da sanda, ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci. Na ce masa, “Kai yaro, wannan hayaƙin ba ya damunka?” Ya ce, “Baba, da an sha madara ya wuce.” Madara ba ta wanke dalma daga jini. Tun ranar na daina ba da waya sai na feɗe robar da kaina.

Kuma ba yau aka fara ba. A 1988 aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko, wanda yanzu ke jihar Delta. Irin wannan abin kunya na cikin abin da ya zaburar da Yarjejeniyar Basel ta 1989, wadda ta sa ƙa'ida kan tsallakawa da shara mai guba daga ƙasa zuwa ƙasa.

Wannan Linux da kake yawan faɗa, ba na ƙwararru ba ne?

Da can haka ne, yanzu kam a'a. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, kuma kyauta ne: ba kuɗin lasisi, ba neman lambar sata. Yana da ire-ire. Ubuntu, wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa a 2004, yana fitar da zubi mai dogon wa'adi duk shekara biyu, a kula da shi shekara biyar. Ga wanda ya saba da Windows, Linux Mint na fi ba shi, don fuskarsa ba ta da nisa da abin da ya sani. Idan na'urar ta tsufa ƙwarai, sai nau'insa mai sauƙin nauyi na Xfce.

Wata malamar Islamiyya ta kawo mini laftof ɗin da ƙaninta ya bar mata, tana cewa in duba ko za a saya ko da kuɗin cefane ne, don takan yi minti biyar kafin ta buɗe. Na kwance bayanta, na tarar ƙurar hunturu ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga. Na busa, na sake man da ke sanyaya ƙwaƙwalwar, na cire tsohon had dis na sa ƙaramin SSD, ma'ajiyar da ta fi shi sauri, na ɗora Linux Mint. Da na kunna a gabanta, kafin ta gama gyara zaman mayafinta ta buɗe. Ta ce, “Malam, ita ce kuwa?” Na ce, “Ita ce, Malama.” Da ita take shirya sakamakon ɗalibanta yanzu a LibreOffice, madadin Word da Excel na kyauta.

Amma gaskiya ɗaya ce, ba kowa zai iya komawa ba. Idan abincinka na kan CorelDRAW, kana zana katin biki da kalanda, ko kana tace fim da Adobe Premiere kamar yaran Kannywood, waɗannan ba a yi su don Linux ba. Akwai madadinsu, Inkscape da GIMP da Kdenlive, sai dai sabon koyo ne, kuma madaba'ar da za ka kai wa aiki fayil ɗin Corel take jira. Wasu firintoci ma sukan yi gardama. Takardar Word mai ado da yawa takan ɗan goce idan aka buɗe ta a LibreOffice. Shi ya sa nake cewa a fara gwadawa daga filas: Linux na iya tashi daga filas ba tare da an taɓa abin da ke cikin na'urar ba. Ka gwada sauti, waya-fai da firintarka, in sun yi sai a ɗora.

Zan iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ a kai?

Ƙwarai. Windows da Linux duk suna da tsarin madannan Hausa, sai dai ka shiga saitin harshe ka ƙara shi. Minti biyu ne. Ina roƙon masu buga takardu su yi wannan, don ƙasa daban, kasa daban.

Da zarar bazara ta shigo kwamfutata sai ta riƙa mutuwa da kanta. Windo ne ya lalace?

Galibi zafi ne. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano na haura digiri 40, shagon kwano kuwa ya fi haka. Idan ƙwaƙwalwar na'ura ta yi zafi fiye da kima takan rage gudu, in abin ya ci tura ta kashe kanta don kada ta ƙone. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma, ka ɗaga bayanta iska ta shiga, a busa mata ƙura bayan kowane hunturu. Uwar manhaja na da nata hannu: wadda ke tafiyar da abubuwa barkatai a ɓoye tana sa fanka aiki ba hutu, don haka ka rufe manhajojin da ke tashi da kansu.

Kano dama garin zafi ne, ba kowace rana mai ƙuna za a ɗora wa sauyin yanayi ba. Amma ma'aunin duniya ya nuna 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, ta haura zamanin kafin masana'antu da kimanin digiri 1.5. A ƙasar da dama take bakin iyaka, ɗan ƙari kaɗan ba ƙaramin abu ba ne.

Ana cewa Turawa na so a hana mu fetur da gas. Mu da ba mu da wuta, da me za mu yi aiki?

Ƙorafin na da tushe. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa. Amurka ce ta fi kowa tara shi a tarihi, Sin ce ta fi kowa fitarwa a yanzu. A Najeriya kuwa sama da mutum miliyan 80 ba su da lantarki sam. Wanda ya gina arzikinsa da gawayin ƙasa shekara ɗari biyu ba shi da bakin ce wa mai janareta ɗan ƙarami ya kashe. A taron Gilasgo na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa nan da 2060, ya kuma sa hannu a dokar sauyin yanayi a Nuwamban shekarar, amma matsayin ƙasar shi ne za ta dogara da gas a matsayin gada zuwa makamashi mai tsabta. Ina ganin wannan daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne gas ɗin da har yau ake ƙonawa a banza a yankin Neja Delta, alhali muna cikin duhu.

A aikace kuma, ba taron ƙasa da ƙasa ne ya kai mutanen Kano ga sola ba. Cire tallafin fetur ne a Mayun 2023, da arahar faifan sola na Sin. A nan zaɓin na'ura ke da amfani: laftof na shan wat 45 zuwa 65 ne ta caja, tsohuwar kwamfutar tebur da allonta kuwa ta ninka haka. Mai shagon da ya koma laftof, faifai biyu da batir ɗaya na iya riƙe shi wuni, in ban da firinta mai zafi da na'urar hoton takarda, waɗanda su kam sai babbar inbata ko janareta.

Wai me ake yi a tarukan COP ɗin nan da ake kwasar jama'a duk shekara?

Tarukan Majalisar Ɗinkin Duniya ne kan sauyin yanayi. Ciniki ake yi, kuma kan kuɗi ne da alhaki. An kafa tsarin a birnin Riyo na Barazil a 1992, bisa ƙa'idar cewa kowa na da alhaki amma ba daidai ba, wanda ya fi ɓatawa shi zai fi gyarawa. A Kofanhegan a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. An ce sai a 2022 aka cika, kuma kaso mai yawa bashi ne, ba kyauta ba. A Faris a 2015 aka amince a riƙe ɗumamar ƙasa da digiri 2, a yi ƙoƙarin tsayawa a 1.5. A Sharm el-Sheikh na Masar a 2022, bayan shekaru talatin ana roƙo, aka yarda da asusun biyan asara da ɓarna. A wannan shekarar ce ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya. Da aka buɗe asusun a Dubai a 2023, alkawuran farko ba su wuce kimanin dala miliyan 700 ba. A Baku a 2024 aka tsayar da dala biliyan 300 duk shekara nan da 2035, alhali ƙasashe masu tasowa sun nemi sama da tiriliyan ɗaya. Wakilan Najeriya da Indiya sun tashi a zauren sun nuna rashin amincewa. Na 2025 a birnin Belem na Barazil aka yi shi.

Ni ban ce a daina zuwa ba. Nan na cikin 'yan wuraren da Nijar ko Cadi ke da kujera daidai da Jamus. Amma a taron Dubai sunaye 1,411 aka yi wa rijista daga Najeriya, gwamnati ta ce 422 ta ɗauki nauyinsu. Masu iya ciniki ashirin da suka san takardun sun fi mana amfani.

Tun da Amurka ta fice daga yarjejeniyar Faris, ba shi ke nan ba?

Ta taɓa ficewa a zamanin Trump na farko, Biden ya mayar da ita a 2021, Trump ya sake sa hannun ficewa a ranar 20 ga Janairun 2025. Rashin kuɗinta babban giɓi ne. Sauran ƙasashe dai suna ciki, kuma arahar sola ba ta jiran sa hannun kowa.

Kuɗin da ake faɗa suna isowa Kano kuwa?

Akwai shirye-shirye. Kano na cikin jihohi 11 na Babbar Katangar Itatuwa, wadda Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007 don tare hamada. Akwai kuma ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya ga jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma rance ne da za a biya. Haƙƙin kowane ɗan jiha ne ya tambayi inda aka dasa, nawa suka rayu, wa ke ba su ruwa.

Sai dai ina faɗa wa masu zama a bencin shagona cewa wani laifin namu ne. Ba Bature ne ya cike kududdufan cikin birni aka yi gini a kansu ba, alhali su ke shanye ruwan sama tun zamanin kakanni. Ba shi ya toshe magudanai da leda ba, ba shi ya sare darbejiyar ƙofar gida don a fitar da shago ba. Fashewar madatsar Alau a Satumban 2024, wadda ta nutsar da rabin Maiduguri, ruwa mai yawa ne ya haɗu da gyaran da ba a yi ba. Mu ma muna da Tiga da Challawa a kanmu. Neman haƙƙinmu a waje da gyaran gida, duka biyun wajibi ne.

Idan kwamfuta ta mutu murus, yaya zan yi da ita?

Da farko ka tabbatar ta mutu. Rabin waɗanda ake kawo mini da sunan gawa, caja ce, ko RAM ya motsa, ko had dis ya gaji. Idan allon uwa ne, wato babban faifan ciki da sauran sassa ke manne a kai, ya ƙone kuma gyaran ya fi kuɗinta, ka cire had dis ɗin ka riƙe, don hotunan iyalinka da takardunka na ciki, kuma gogewa ta sama-sama ba ta hana a dawo da su. Allo, madannai, RAM da fanka duk suna da masu saye a Beirut, za su rayar da wata na'urar.

Batir kuwa a yi hattara da shi. Idan ya kumbura har ya ɗaga madannai, a daina caji nan take. Kada a huda shi, kada a jefa shi a bola inda ake cinna wuta, kada a bar shi cikin mota a rana. Ka sa shi a gwangwani da yashi, ka ajiye a inuwa nesa da yara, ka kai wa mai gyaran da ka yarda da shi. Idan za ka ba ɗan jari bola sauran, ka feɗe robar wayoyin da wuƙa kafin ka ba shi, jan ƙarfen da ba a ƙona ba ma ya fi tsada a kan sikeli.